Baffa da Injin da Ya Tashi da Kansa

Wanda ya ba mu Baffa ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a bayan gonakin gabas. Na Allah muke, can kuma za mu tarar da shi. Kwana uku na yi a kan tabarma a ƙofar gida ina amsa gaisuwa, ina jin abin da mutane ke faɗa a kansa. Wasu sun faɗi daidai. Akwai kuma magana ɗaya da kowa ya maimaita, wadda ba haka take ba, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Ba wanda ya ce Baffa mai sanyin hali ne. Liman da ya shafa addu'a ya ce, "Mutum ne mai gaskiya." Sannan ya ƙara, "Da zafi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Gwaggo, ƙanwarsa, ta iso daga Gezawa tana kuka tun daga bakin hanya. An ce da ta shiga cikin gida ta tsagaita, ta ɗaga kallabi ta nuna wa mata tabon da ke goshinta, inda ya jefe ta da ƙotar fartanya suna yara, sannan ta ci gaba da kukanta. Maƙwabcinmu na arewa ya zo. Kirista ne, gonarsa ta haɗa iyaka da tamu, kuma sun fi shekara goma ba sa gaisawa da Baffa a kan layin gamba guda ɗaya da ke tsakaninsu. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, ya zaro wani faifan roba daga aljihu.

"Da wannan na shuka wakena bara," in ji shi. "Ta kan darni ya jefo mini. Ko sannu bai ce ba."

Can ƙarshen tabarma wani mutum mai ɗingishi ya zauna tun safe har azahar, bai yi wa kowa magana ba. Mutane ba su gane shi ba. Ni na gane shi.

Duk wanda ya tashi tafiya kuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Injin nan ne ya ci shi." Ni kuma in ce, "Sai haƙuri."

Baffa wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara biyar. Suna da injin niƙa su biyu a bakin hanyar kasuwa. Da na dizal ne, ana jin ƙararsa har ƙauyen gaba. Da aka jawo lantarki garinmu suka koma moto mai wuta. Wata rana da azahar aka ɗauke wuta ana tsakiyar niƙa. Mahaifina ya sunkuya yana gyara zaman bel, ba wanda ya tuna ya kashe makunni. Aka kawo wuta. Bel ya kama hannun rigarsa ya naɗe shi, ya buga kansa da ƙarfen ƙafar injin, ya sake bugawa. Baffa ya cusa hannunsa na hagu don ya fizgo shi, bel ya tafi da yatsu biyu. Mahaifina a nan ya cika. Garin dawar da ke ƙasa ranar nan ba a kai shi gidan kowa ba, kwashewa aka yi aka binne.

Baffa ya yanki wani ɓangare na wannan bel ɗin ya rataye a ƙusa a zaure. Da shi yake duka. Ina shekara tara na shiga ɗakin niƙa da rigar sallata mai faɗin hannu, ina so ya gani. Ya gani. Ya kashe inji, ya ja ni a ƙasa har zaure, ya dake ni har bayana ya fashe. Inna, matarsa, ta faɗa kaina.

"Malam, kashe shi za ka yi?"

"Gara in kashe shi da hannuna."

Da yamma ya ɗauki wuƙa ya yanke hannayen rigar daga kafaɗa, ya miƙo mini. Shatar bel ɗin tana bayana har yau. Ba zan ce ya yi daidai ba. Ba kuma zan ce ban gane abin da ya gani ba lokacin da na shigo.

Maganarsa ɗaya ce, mun ji ta har mun gaji: "Kafin ka sa hannu, cire waya." Ya mari masu kawo niƙa a kanta. Ya taɓa korar wani dattijo da buhunsa a kanta.

Mai ɗingishin nan kuwa, wata ranar kasuwa ce aka kama shi da tsohon moto da ya ɗauke a rumfar Baffa. Kafin labari ya iso gida an karya masa ƙafa da kulki, an saƙala masa taya a wuya, wani ya tafi neman fetur. Baffa ya fito da bel a hannu. Bai roƙi kowa ba. Ya shiga taron yana zabga wa duk wanda ke gabansa, manya da yara, har da ɗan mai unguwa.

"Motonka aka sata ko nawa? Naka ne? To matsa. Ni aka yi wa sata, ni zan dake shi."

Ya cire tayar ya yar. Ya ɗaga mutumin ya sharara masa mari biyu, sannan ya ɗora shi a amalanke ya tura shi da kansa har gidan mai ɗori. Bai sake ta da maganar ba, mu ma ba mu isa mu tayar ba.

Da tsufa ya kama shi ya bar niƙa. Kunnensa ya yi nauyi, ciwon suga ya shigo. Ni ina gyaran wayar hannu a Bacirawa, cikin Kano, ina zuwa gida duk Juma'a. Wata Juma'a na nuna masa hoton bidiyo a wayata: wani ɗan inji yana narka zaren roba, yana ɗora layi a kan layi, har abu ya tashi tsaye. Ya kalla sau uku.

"Wannan ai ginin rumbu ne," in ji shi. "Zagaye a kan zagaye. Ana sayarwa ko ana haɗawa?"

"Duka biyun, Baffa."

"To mu haɗawa za mu yi."

Ya sa masa suna Magini tun ba a ɗaura ƙarfe ɗaya ba. Ya yanka tsohon gadon ƙarfe ya yi masa jiki. Moto kuwa a wurin 'yan gwangwan ya samo guda huɗu, daga cikin wani mataccen injin buga takardu, kowanne ya kai dunƙulen hannu. Na ce sun yi girma, irin wannan aikin ƙanana yake so.

"Wannan zai iya jan jaki, Baffa."

"To ba zai gaji ba ke nan, Injiniya."

Haka yake kirana idan yana so ya ƙasƙanta ni.

Inda muka daɗe muna rigima shi ne abin da zai sarrafa motsin. Irin wannan moton ba juyawa yake yi kamar fanka ba, taku yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Akwai allo da ke ƙirga masa takun, muna ce masa ƙwaƙwalwa. Tsakanin allon da kowane moto akwai wani ɗan abu kamar farcen babban yatsa, ana ce masa direba, shi ke tura wuta daidai gwargwado. Direba iri biyu na samu a kasuwa. Tsohon yayi yana sa moto kuka kamar ana wasa wuƙa a dutse. Sabon yayi ko motsinsa ba a ji, takunsa kuma ya fi laushi. Na zube su a tabarma ina bayani.

"Wanne ne mai kuka?"

"Wannan. Amma Baffa, sabon ba ya girgiza aiki, ramuka za su fita..."

"Na ce wanne ne mai kuka?"

Na nuna masa. Ya kwashe huɗu ya sa a aljihu, ya ture sauran da ƙafa.

"Ni kurma ne, ina so in ji shi tun daga masallaci."

Ƙananan makunnan da ake ɗaurawa a ƙarshen kowace hanya kam ya so su. Idan injin ya tashi, kan da ke narka roba yana tafiya har sai ya taɓa makunnin, a nan yake gane inda yake. Baffa ya riƙa danna ɗaya da yatsa kusa da kunnensa, yana jin ƙas, ƙas, yana gyaɗa kai.

Sai muka zo kan manhaja, wato umarnin da ake zuba wa allon daga kwamfuta. Ina karanta masa abubuwan da ake iya kunnawa da kashewa ina fassarawa. Na ce akwai wani wuri mai amfani a garinmu: idan an ɗauke wuta ana cikin aiki, allon zai riƙe inda ya tsaya, da an kawo wuta ya ɗumama bakinsa ya ci gaba da kansa.

Baffa ya miƙe tsaye.

"Sake faɗa."

Na sake. Ya bugi teburin har ƙarfen soda ya faɗo mini a ƙafa. Ya shaƙi wuyan rigata da yatsunsa uku, ni da nake da shekara arba'in da 'ya'ya, ya ɗaga ni daga kujera.

"Ka san wanda ya haife ka?"

"Na sani, Baffa."

"In ka sa wannan abin a gidan nan, ni da kai sai a gaban Allah."

Na yi masa alkawari. Na kashe wurin a gabansa.

Magini ya tashi da kukansa. Kaji suka daina shiga wannan ɓangaren gidan. Da farko maɓallan riga ya yi ta bugawa da marfin buta. Sannan Baffa ya tuna da injin shuka na turawa da yake da shi, wanda faifansa na masara ne, ramukan sun yi wa dawa girma, sai ya riƙa zubar da iri barkatai. Baffa ya jera ƙwayoyin dawa a kan takarda ya zagaye su da fensir, ni na zana a kwamfuta. Muka yi na dawa, muka yi na wake, muka yi na gyaɗa. Ba ya sayarwa. Ya ba wanda ya ga dama, ya zagi wanda ya ga dama.

Matsalar ita ce faifai ɗaya yana ɗaukar tun hantsi har la'asar, wutarmu kuwa ba ta cika kai haka ba. Da ta ɗauke aikin ya mutu, sai a fara daga tushe. Rabi-rabin faifai suka taru a bayan ƙofa, Inna ta riƙa zuba wa 'yan tsaki ruwa a ciki. Bana hadari ya fara haɗuwa da wuri, mutane suka kai taki gona, suka fara leƙowa zaure suna tambaya. Juma'a uku a jere ina zuwa ina tarar da zare ya ƙare, ba faifai ko ɗaya. Na gaji. Na ga cewa na fi shi sanin abin, tsoron wani zamani ne kawai yake hana mu aiki.

Da Baffa ya tafi Gezawa bikin suna a gidan Gwaggo, na kwana biyu a gida. Na cire tsofaffin direbobi na sa sababbi. Na jona kwamfuta na kunna wurin da na yi alkawari a kansa.

Ya dawo da yamma ya tsaya a bakin ƙofa. Kan injin yana kai da kawowa, ɗakin tsit. Ban ga lokacin da ya ɗauki sifana ba, iskarta kawai na ji a kunnena, ta wuce ta fasa tulun da ke bayana. Ruwa ya malala har ƙafarsa. Ya tako a cikin ruwan ya ɗauki faifan da na gama da safe. Ya kai shi bakin taga. Ramukan sun fita tas, ko gashin roba babu. Ya jefa ƙwayar dawa a rami ɗaya, ta zauna daram. Ya daɗe yana juya shi.

"Ya yi kyau," in ji shi, kamar an matse shi. Sannan ya dube ni. "Amma ba ya tashi da kansa?"

"Ba ya tashi, Baffa."

Ya gyaɗa kai ya fita alwala.

Ina Bacirawa abin ya faru, Inna ce ta ba ni labari. An ɗauke wuta da hantsi. Ya shiga ɗakin ya ga bel ɗin kan injin ya ɗan saki a kusurwa, wajen makunnin nan mai ƙas-ƙas. Ya sa hannun dama yana ɗaurewa. Bai cire waya ba. Da rana ne, ba ƙwan lantarki a kunne da zai nuna masa an riga an kawo wuta. Injin ya gama ɗumama bakinsa shiru, ya taho neman makunninsa shiru. Hannun Baffa yana tsakani. Kan bai taɓa makunni ba, don haka bai tsaya ba. Moton da zai iya jan jaki ya matse hannun da ƙarfen gado, tsinin da ke narka roba ya shige bayan hannun yana ci.

Inna ta ce bai yi ihu ba. Kiranta ya yi, da muryar da yake neman ruwan sha.

"Zo ki cire waya."

Ta shigo ta ga hayaƙi yana tashi daga hannunsa, wayoyi kuma sun fi goma, ba ta san wadda yake nufi ba. Taɓarya ce a hannunta. Ta ɗaga ta sauke a kan allon, ta sake, ta sake, har abin ya mutu. Ta ce warin ya kwana uku a hancinta.

Ƙasusuwa biyu sun karye, narkakkiyar roba ta daskare a cikin naman. A asibiti a Kano aka ce suga ba zai bar ciwon ya haɗe ba. Aka yanke daga wuyan hannu. Bayan sati biyu aka ƙara sama da gwiwar hannu. Duk wanda ya zo dubiya ya tambaya, amsarsa ɗaya ce: "Ni na sa hannu ban cire waya ba." Ni nake juya shi, ni nake ba shi koko a baki. Bai taɓa tambayata komai ba, bai kuma taɓa duban idona ba. Allon ya farfashe, ba mai iya buɗe shi ya ga abin da na zuba a ciki. Da na yi shiru, shi ke nan.

Aka sallamo mu. Damina ta sauka, mutane suka yi shuka da hannu kamar da. Baffa yana kwance a zaure yana ramewa. Juma'ar ƙarshe kafin rasuwarsa, bayan an sauko daga masallaci, na jira kowa ya watse na durƙusa a gabansa.

"Baffa, ranar da ka tambaye ni, ƙarya na yi maka. Ni na ce masa ya tashi da kansa."

Ya daɗe yana kallon rufin.

"Ɗauko mini bel."

Na ɗauko daga ƙusa na sa masa a hannun hagu, na juya masa baya. Na ji ya ɗaga. Sai na ji bel ɗin ya faɗi ƙasa. Yatsu uku ba su riƙe shi ba.

"Miƙo."

Na miƙa. Ya sake suɓucewa. Ina jin numfashinsa.

"Na san kai ne tun ina jin ƙaurin hannuna," in ji shi. "Jira nake in ga ko za ka bari in tafi da ƙaryar. Ubanka ma haka yake, gaggawa."

"Ka yafe mini, Baffa."

"Ɗaga rigarka."

Na ɗaga. Na ji yatsunsa suna bin tsofaffin shatar nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yana duba ramukan faifai.

"Kai fa?"

"Na yafe tuntuni."

"Wannan ma ƙarya ce. Amma na karɓa." Ya janye hannunsa. "Na yafe maka. Shekara talatin da biyar ina dukan mutane a kan waya, ga shi ni ban cire ba. Masu kukan nan suna cikin gwangwanin madara a kan taga. Ban zubar ba."

Bai ƙara wata doguwar magana da ni ba har ranar Talata.

Don haka ina roƙon waɗanda suka zo mana gaisuwa su gyara maganarsu. Ba inji ne ya ci Baffa ba. Inji ya yi abin da aka ce masa ne, ni kuma na ce masa. Wanda Baffa ya taɓa mara, ko ya zaga, ko ya jefa, ya yafe masa, ya san cewa yawancin lokaci wani abu ya hango yana tahowa. Allah ya sanyaya masa kabarinsa fiye da yadda ya iya sanyaya zuciyarsa, ya haɗa shi da ƙaninsa, ya mayar masa da abin da ƙarfe ya karɓa.

Bayan sadakar uku na kawo wani allon daga Kano. Na buɗe gwangwanin madara na sa masu kuka, na zuba manhaja, na duba wurin nan sau biyu. Maƙwabcinmu na arewa yana son faifan gyaɗa, na sa masa. Da Magini ya fara kukansa Inna ta fito daga ɗakin takaba ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe bango.

Wajen azahar aka ɗauke wuta, faifan ya kai rabi. Na zauna a ƙasa ina jira, hannuwana a kan cinya. Inna ma ba ta tafi ba. Can aka kawo wuta, ɗan gilashin allon ya yi haske.

Magini bai motsa ba.